Kusurwar da Ɓeraye Suka Cinye

Duk wanda ya tashi a tsohuwar unguwarmu ta garin Yazd ya san ƙarar bakan Usta Nusrat tun kafin ya san fuskar mai bakan. Da gari ya waye, an sha shayi, za ka ji ta daga ƙarshen rumfar kasuwa: tum, tum, tirrr. Usta ne ya tsuguna a shagonsa, ya ɗaure hanci da ƙyalle, yana bugun tsarkiya da gudumar katako, tsohuwar audugar da ta dunƙule tana warwarewa tana tashi sama. Shiɓa da ɗinkin bargo ya gada daga ubansa, kuma bai taɓa sha'awar wata sana'a ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, girarsa kullum fara fat da auduga, har ba wanda ya lura da ranar da furfura ta gaske ta shigo. Rarrashin mai saye kuwa bai iya ba. In ka kawo masa yadi mai arha, zai juya shi gaba da baya ya tambaye ka ko gaba kake yi da wanda zai rufa da shi.

Akwai abu guda da gidansu suka gada wanda ko sauran masu shiɓa ba duka suke yi ba. In aka kawo masa aikin bargon jariri, ba ya zura allura sai an kawo tsohon bargon gidan su mai cikin, wanda uwarta ta shigo da shi ɗakin aure. Zai farke gefe, ya ciro auduga cikin tafin hannu, ya shiɓe ta tare da sabuwa. Cewa yake yi jariri ba ya barci mai daɗi a ƙarƙashin baƙuwar auduga. Samarin zamani suna yi masa dariya, amma rabinsu a ƙarƙashin irin wannan bargo suka yi barcinsu na farko, kuma ya san su ɗaya bayan ɗaya.

Jikin shagonsa shagon Hajji Mashallah ne, mai alawar pashmak, wadda ake ja har ta koma siraran zare farare, ka sa a baki ta narke. Tare suka shiga makaranta, tare suka gudu daga ita. Ba a taɓa wayewar gari ba su yi faɗa ba, ba a kuma taɓa cin abincin rana ɗaya bai sa hannu a kwanon ɗaya ba. Babbar rigimarsu ta ɓeraye ce. Gidan Usta yana bayan shagonsa, bango ɗaya ya raba shi da ɗakin da Mashallah yake ajiye sukari. Wata shekara da sanyi ya shigo, Usta ya ɗauko bargon aurensu shi da matarsa Tayyebe, wanda ya ɗinka da hannunsa yana ango, surukarsa ta barbaɗa busasshen furen wardi a cikin audugar. Yana shimfiɗawa ya ji kusurwa ɗaya fayau, babu komai a ciki. Nan take ya ce ɓerayen Mashallah ne. Mashallah ya ce a nuna masa inda suka huda, don ga ɗinki nan lafiya lau. Usta ya ce ɓeran da ya girma a kan sukari ba abin da ba zai iya ba. Ya ƙi cika kusurwar, wai shaida ce yake ajiyewa. Tayyebe kuwa, in aka tayar da zancen, dariya kawai take yi ta ce a ƙyale bayin Allah, su ma sanyi suke ji.

Usta bai taɓa sa baki a siyasa ba. Rediyonsa a buɗe yake wuni, amma ƙarar baka ba ta barinsa ya ji ko kalma ɗaya. Sai dai ita siyasar ta san gidansa tun yana saurayi. Da lokacin aikin sojansa na dole ya yi, bayan an tsagaita wuta da Iraƙi, aka tara su a wani fili, wani hafsa ya bi layi yana rabo da sanda: ku nan sojan ƙasa, ku nan kuma Dakarun Juyin Juya Hali. Sandar ta sauka daidai kafaɗar Nusrat. Mashallah da ke gabansa ya faɗa sojan ƙasa, shi ya faɗa Dakaru. A barikin da aka kai shi, kwamanda ya ji shi yana zagin katifar da aka ba shi, ya tambaye shi ko ya iya gyarawa ne da yake da baki haka. Shi ke nan aiki ya samu mai shi. Bindiga sau ɗaya ya riƙe ta, ranar ɗaukar hoto. Sauran zamansa duka a ɗakin ajiya ya yi shi, yana shiɓar katifun da ƙarta suka murƙushe. Ya dawo gida da katin sallama da tari, ya auri Tayyebe, ya manta da zancen.

'Ya ɗaya Allah ya ba su, Shokufe. A kan tulin auduga ta koyi tafiya. Tun tana ƙarama ta iya riƙe basilla ta bi layin alli, ko da yake ubanta bai taɓa buɗe baki ya ce ɗinkinta ya miƙe ba. Kanta ya ja a karatu, ta karanci harkar ruwa, wanda a garin da ke tsakiyar hamada ba ƙaramin ilimi ba ne, har wata jami'a a Amurka ta kira ta. Biza mai shiga sau ɗaya aka ba ta, wato in ta fito ba tabbas ta sake komawa. Ranar tafiya aka ɗaga mata Alƙur'ani ta wuce ta ƙarƙashinsa, Tayyebe ta cusa mata tarkace a jakar hannu har ta ƙi rufuwa, sannan ta watsa ruwa a bayanta don ta dawo da wuri. Ruwan bai yi aikinsa ba. Ba a daɗe sosai ba Tayyebe ta kwanta ciwo, ta rasu, 'yarta tana kallon jana'iza ta waya. Wannan abu ya ci Usta a rai ƙwarai. Har yau in aka ambata, sai ya juya baya ya kama gyaran tsarkiyar da ba abin da ya same ta.

Daga baya Shokufe ta auri wani malamin makaranta Ba'amurke mai suna Martin, dogo, mai yawan murmushi, wanda duk abin da ya iya a yarenmu sunayen abinci ne. Usta ya ce ya amince da yaron tunda ya gan shi ta waya yana cire takalmi a bakin ƙofa. Takardun zamanta suna hannun hukuma ana ta dubawa, lauya ya ce kada ta kuskura ta fita daga ƙasar sai sun fito. Haka shekaru suka yi ta tafiya, uba yana nan, 'ya tana can, waya a tsakani.

Wata la'asar, lokacin da gari yake wayewa a can, Shokufe ta kira ta ce tana da ciki. Usta ya fito tsakiyar kasuwa da guduma a hannu, ya sumbaci Mashallah a kumatu, ya sa shi ya raba alawa kyauta tun daga layin maƙera har bakin masallaci. Kafin magariba Ozra Khanum, yayar marigayiya, ta iso. Ozra mace ce da in ta shigo gida ko kyanwa takan nemi hanyar fita. Ta yi barka, ta yi kukanta, sannan ta goge ido ta tambayi wa zai yi sismuni. Kowa ya san kayan jaririn fari uwar mai ciki ce take haɗawa, tun daga katifa da bargo har hula, ta kai gidan 'yarta kafin haihuwa. Yarinya ba uwa, ita kuma Ozra gwiwoyinta ko masallacin unguwa da ƙyar suke kai ta.

"Ni zan yi," in ji Usta.

"Kai? Nusrat, ka san bambancin wandon jariri da tsumman tukunya?"

"Riguna ta saya a can, ba su fi ƙarfin kanti ba. Amma bargo nawa ne. Jikan Tayyebe ba zai kwana a ƙarƙashin baƙuwar auduga ba, ko da ƙasashen duniya duka za su taru a kaina."

Ozra ta ce ai sun daɗe da taruwa, shi ne bai ji ba saboda ƙarar baka.

Gaskiyarta kuwa. Amurka ba ta da ofishin jakadanci a ƙasarmu tun Usta yana ɗan makaranta, ta kuma daɗe da sa sunanmu cikin ƙasashen da ta ce suna ɗaure wa ta'addanci gindi. Namu manyan suna zaginta a kan mumbari, ita tana ƙara takunkumi, mu kuma muna tsakiya muna yawon neman maganin hawan jini. Mai son biza sai ya tafi wata ƙasa ya roƙa. Usta ya ari kwat ɗin Mashallah, wadda hannunta ya rufe masa yatsu, ya hau motar Armeniya da kwalin alawa a cinya, don shi ba ya shiga wurin mutane hannu rabbana.

Tun a ƙofar ofishin jakadancin Amurka na can aka karɓe alawar. A ciki ya tarar da wata matashiyar ma'aikaciya a bayan gilashi, mai fara'a, tana jin yarenmu irin na littafi. Ta tambaye shi sana'arsa, ya kwatanta mata da hannu da baki, har da tum, tum, tirrr, ta yi dariya. Ya nuna mata hoton Shokufe. Komai yana tafiya daidai, sai ta nemi katinsa na gama aikin soja. Ya miƙa da alfahari, don ya adana shi tsaf a cikin leda. Tana ganin tambarin da ke jiki fara'arta ta ragu. Ta gaya masa cewa gwamnatinta ta sa Dakarun a jerin ƙungiyoyin ta'addanci, kuma wanda ya taɓa aiki a cikinsu ƙofa a rufe take gare shi. Usta ya ba ta labarin sandar hafsa, da katifu, da hoton nan guda. Ta ce ta yarda da shi, amma dokar ba ta ware masu gyaran katifa ba. Ya ga idonta ya yi ja, sai ya zama shi ne yake ba ta haƙuri. Kafin ya tafi ya gaya mata cewa matashin da ke bayan kujerarta na soso ne, zai kashe mata baya, ta nemi na auduga.

Labari ya riga shi isowa Yazd. Yana shigowa rumfa ya tarar Mashallah ya jera masu shaguna suna sara masa. Daga ranar sunansa ya koma Janar. Mai kayan miya ya riƙa ɗaga hannu sama in ya gan shi, mahauci ya ce a ɓoye wuƙaƙe. Usta ya biye musu, yakan ɗaga guduma ya ce duk wanda ya sake kawo masa yadi mai arha zai ga aikin Dakaru. Amma in ya rufe shago ya shiga gida, ya ga bargon Tayyebe a ninke a gefe, sai ya ture kwanon abincinsa. Cikin Shokufe yana ta girma a waya, shi kuma ko zare bai tsallakar ba.

Tunda ƙafarsa ba za ta je ba, to bargo ya je. Kamfanonin aika kaya da ya tambaya suka ce ba sa taɓa abin da za shi can daga ƙasarmu. Ya rage hanyar da kowa yake bi, wato matafiya. A garinmu in aka ji wata tsohuwa ta samu biza za ta ganin ɗanta, gidanta yakan cika da dangin da ba ta taɓa gani ba, kowa da ƙullinsa na busasshen lemun tsami ko za'afaran ko ganyen miya, yana rantsuwa ɗan abu ne, ba nauyi. Usta ya bi gidajen nan yana tambaya ko akwai mai ɗaukar masa ɗan bargo. A nan ya gane cewa wasan kasuwa ya zama gaske a bakin akwati. Kowa ya karɓe shi da shayi da girmamawa, kowa ya ce da ransa ma zai iya yi masa hidima, amma abin da aka ɗinke ba a ganin cikinsa, daga hannun mutumin da aka hana biza saboda Dakaru, wannan kam a yi haƙuri.

Sai ya yanke shawarar tura bargon a warwatse, Shokufe ta haɗa shi a can. Yadin sama, saƙar Yazd mai ruwan rumman, ya tafi a akwatin wata malama mai ritaya. Shafi da zare da basilla suka bi wani ɗalibi. Sabuwar auduga kuwa Shokufe ta ce ya bari, ai Amurka ma ana noma ta. Ya yi fushi na 'yan kwanaki, sannan ya sauko, bisa sharaɗin Martin zai kawo ta gaban waya ya yamutsa ya gani. Saura abu guda, kuma shi ne bargon gaba ɗaya a wurin Usta: cikin tafin hannu na audugar Tayyebe.

Ya farke gefen bargon aurensu, ya ciro ya zuba a ledar da ake ganin cikinta. Wani likitan haƙori mai zuwa bikin ƙaninsa ya yarda ya ɗauka. Mutumin kirki ne, sai dai gaskiyarsa ta yi yawa. Da 'yan kwastan na can suka tambaye shi ko yana ɗauke da wani abu na gona, ya ce e, ya fito musu da ita da kansa. Suka ce ɗanyar auduga ba ta shiga, kada ta kawo musu ƙwari, suka jefa ta a kwandon abin ƙonawa. Likitan ya bugo waya yana ta ba da haƙuri. Usta ya ce ba komai, Allah ya sa a yi biki lafiya. Ya ajiye wayar ya zauna a kan buhu, ranar ba a ji ƙarar baka ba.

Dabara ta biyu ta Mashallah ce, kuma duk wanda ya san shi ya san yadda za ta ƙare. Ya ce shi dai a ganinsa shiɓaɓɓiyar auduga da pashmak ko uwar da ta haife su ba za ta bambance su da ido ba, kuma bai taɓa jin an hana alawa shiga wata ƙasa ba.

"Ni ban taɓa sa ƙarya a cikin bargo ba," in ji Usta.

"Wa ya ce a bargo za ka sa ta, Janar? A kwali za ka sa ta, kuma kwalin nawa ne."

Usta ya yi ta jan ƙafa, amma lokaci yana ƙurewa. Ya sake farke bargon, ya sake ciro cikin tafi, ya shiɓe ta har ta yi laushi. Mashallah ya jera ta a kwalinsa mai hoton rumfar kasuwa, ya barbaɗa mata dakakken fistaƙ, mai kama da gyaɗa, a sama, ya ɗaure da zare mai kyau. Aka kai wa Parvin Khanum, wata tsohuwa mai zuwa wurin ɗanta a gari ɗaya da Shokufe, ba a gaya mata komai ba, don bakinta ba ya riƙe magana.

Ba wanda ya tuna cewa cikinta ma ba ya riƙe yunwa. A filin jirgin da suka sauka don canji, jira ya yi tsawo, Parvin Khanum ta ce wa ranta ɗan tsakure ba zai nuna ba. Ta kwance zare, ta ɗebo, ta kai baki. Ta tauna, ta tauna, abu ya ƙi narkewa. Ta yanke hukuncin cewa Mashallah ya tsufa ya fara sayar wa matafiya lalatacciyar alawa, kuma ba da ita za a kunyata Shokufe a gaban dangin miji ba. Ta jefa kwalin a shara, ta sayi cakulan ta maye gurbinsa. Tana sauka ta tura saƙon murya ga duk matan unguwa, ta ba su labari dalla-dalla, har da yadda abin ya maƙale mata a haƙorin roba. Mata suka ƙaurace wa shagon Mashallah, shi kuma ba damar ya kare kansa sai ya tona asirin abin da suka ƙulla. Da aka kunna wa Usta saƙon ya yi dariya har da hawaye, sannan dariyar ta ƙare hawayen suka ci gaba.

Ozra ta zo ta ɗaga bargon da hannu ɗaya, ta ji yadda ya rame. Ba ta yi ihu ba, abin da ya fi tsorata su ke nan. Ta ce abin da ya rage musu na Tayyebe ke nan, su kuma manyan maza biyu suna rarraba shi ga kwandunan sharar duniya. Ta ce in aka sake sa almakashi a jikinsa za ta ɗauke shi ta kai gidanta ta kulle. Usta ya san gaskiya ta faɗa. Ga watan haihuwa ya kusa kamawa, kuma ba wani matafiyi da aka ji labarinsa.

Washegari da la'asar ya kunna manhajar nan da muke tsallake shinge da ita, don namu ma sun toshe hanyar kira ta ciki, kamar toshewar waje ba ta ishe mu ba. Ozra tana zaune a gefe da carbinta, Mashallah yana tsaye a bakin ƙofa, tunda ba ciniki a shagonsa. Fuskar Shokufe ta fito, ta ciko, tana shan shayin safe.

"Shokufe jan, 'yata, na gaza," in ji shi. "Ki ɗinka da audugar can kawai. Yaro ba zai sani ba."

"Kai fa, Baba?"

"Ni zan sani. Amma ni ba wanda ya tambaye ni."

Don ta ga ba ƙyuya ya yi ba, ya shimfiɗa bargon a gaban waya yana nuna mata. Nan rabon 'yan kwastan, nan rabon Parvin Khanum, wannan kusurwa kuma rabon ɓerayen Mashallah. Mashallah daga bakin ƙofa ya ce har yau dai ba a nuna masa hudar ba. Shokufe ta yi dariya, ta ce shekara da shekaru tana jin rigimar ɓerayen nan amma ba ta taɓa tambaya ba, wai yaushe ne ma abin ya faru. Usta ya ce sanyin farko bayan tafiyarta.

Dariyar ta tsaya. Ta ajiye kofi, ta miƙe da ƙyar, ta bar waya tana kallon rufin ɗaki. Da ta dawo tana riƙe da wani ɗan matashi da bai wuce tafi biyu ba, ya koɗe, ya baje saboda kwanciya. Ta ce wannan yana cikin tarkacen da Mama ta cusa mata a jaka ranar tafiya, wai ta tokare wuya da shi a jirgi. A bakin ƙofa kuma, kafin ta watsa ruwa, ta raɗa mata cewa ko ya tsufa kada ta yar, kada ta wanke, akwai ranar da za ta neme shi. Ita ta ɗauka maganar iyaye mata ce kawai, amma tun daga ranar da shi take kwana.

Usta ya ce ta matso da shi. Ya kai hancinsa har jikin waya, ya bi gefen matashin da ido.

"Wannan ɗinkina ne," in ji shi a hankali, "amma ba ni na ɗinka shi ba."

Shokufe ta ɗauko almakashi ta tsinke zaren. Auduga ta fito, ta yi rawaya, ta dunƙule. Ta yamutsa ta kaɗan, sai ga ɓarɓashin busasshen furen wardi yana zubowa a tafin hannunta. Ta kai hanci, ta rufe ido.

Ozra ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, ba a san kuka take yi ko dariya ba. Usta ya dubi kusurwar da ke kan cinyarsa, ya bi ɗinkin da yatsa. Duk zaman aurensu Tayyebe tana gefensa tana zura masa zare a allura, ashe hannunsa take ɗauka, har ta iya farke aikinsa ta mayar bai gane ba. Ko ta hango hanya za ta rufe ne, ko ta ji a jikinta ba za ta ga ranar ba, Allah kaɗai ya sani. Abin da ya tabbata shi ne ta yi sismuninta tun kafin a san ma wane ne mijin, ta wuce da shi ta gaban kwastan a jakar hannu, sannan ta dawo ta zauna tana sauraron mijinta yana zagin ɓeraye.

Mashallah ya yi gyaran murya.

"To, Janar. Ina saurare."

Usta ya goge ido da hannun riga, ya juya ya fuskanci bangon ɗakin sukari, ya ɗora hannu a ƙirji, ya nemi gafarar ɓerayen Hajji Mashallah, manyansu da ƙananansu, rayayyu da matattu. Mashallah ya ce zai isar musu.

Aikin da ya biyo baya kasuwa duka ta kalle shi. Kowace la'asar Usta yakan jingina waya a jikin buhu, maƙwabta su cika bakin shago. Martin ya ɗaure igiya a sandar labule ya yi baka, Usta yana buga nasa a nan yana nuna masa, shi yana bugawa a can, auduga tana tashi tana maƙalewa a fanka. Usta ya kira shi da sunayen da Shokufe ta ƙi fassarawa, Martin yana murmushi yana amsawa da sunan shinkafa. Da aka gauraya tsohuwa da sabuwa, Shokufe ta zauna a ƙasa da cikinta, ta ja layin alli, ta kama ɗinki. Layin ya karkace, kowa ya gani, har mahauci. Ta ɗaga bargon gaban waya ta tambayi ubanta. Usta ya buɗe baki, Ozra ta shirya mintsini, amma ba a kai ga haka ba. Ya ce ya miƙe, ya ƙara cewa shi kansa ba zai fi haka ba.

Mace aka haifa, aka sa mata Mina, sunan da dangin Martin za su iya faɗa ba tare da sun ciji harshe ba. Aka kara mata waya a kunne, kakanta ya yi mata kiran salla daga Yazd. Sannan aka lulluɓe ta da bargo mai ruwan rumman, ta yi hamma, ta yi barci. Mashallah ya ce ai kowane jariri barci yake yi. Ba wanda ya kula shi.

Har yau Usta bai samu biza ba, bai kuma taɓa ɗaukar Mina a hannu ba. Rediyo yana cewa za a zauna a tattauna, ya sake cewa an watse, shi yana bugun bakansa. Da sanyi ya shigo ya ɗauko bargon aurensu ya shimfiɗa a shago, ya cika rabon 'yan kwastan da sabuwar auduga, ya cika rabon Parvin Khanum. Da ya zo kan kusurwar ya riƙe ta a hannu, ya daɗe, sannan ya mayar da basilla cikin gwangwaninta. Mashallah, wanda ya leƙo neman shayi, ya tambaye shi ko har yanzu shaida yake ajiyewa. Usta ya ce e. Ta wajen nan sanyi yake shigar masa duk lokacin hunturu in iska ta juya, kuma bai taɓa juya bargon ba.